Takardun da Na Miƙa wa Isiyaku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin tarar da Goggonki Yagana da mutanen gidanta kalau. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya raba ki da sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba.

Na ba Ummanki takardar nan na ce ta tura miki ƙasan jaka, don na san kin bar Azare kina jin haushina a kan abin da na yi wa Sanusi ranar Laraba. Ɗan maƙwabcinmu ne, ya zo har zaure ya gaishe ni da ladabi, ya ce yana da mutum a ofishin ɗaukar ɗaliban digiri na biyu, ki ba shi takardunki na asali da kalmar sirrin imel ɗinki, shi zai ƙarasa miki komai. Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ummanki ta ce, "Malam, a gabanmu fa Sanusi ya girma." Na ce mata abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Kin dube ni kamar na zare. Ban iya yi miki bayani a lokacin ba, domin maganar ba ta taɓa fita daga bakina zuwa kunnen ɗayanku ba. Ga ta a rubuce.

Ina da shekara goma sha tara na gama sakandare, kuma sakamakona ya yi kyau ƙwarai. Kakanki Alhaji Goni, Allah Ya jiƙansa, kanwa yake sayarwa a kasuwar Azare. Daga Barno ya zo tun yana saurayi, ya haddace Alƙur'ani, amma bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Da na nuna masa takardar sai ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce a kira Isiyaku.

Isiyaku ɗan mai gidan da muka fara haya ne. Akawu ne a wani ofishi, ya girme ni da kamar shekara goma, kuma kusan kullum kwanonsa ɗaya da kakanki. Yaya nake ce masa. Ya karanta sakamakon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, wannan ai jami'a ce kai tsaye. Matsala ɗaya ce. Ku mutanen Barno ne, ba za a ba Bukar shaidar ɗan ƙaramar hukumar Katagum ba sai da hanya. Ya kawo mini komai, ni zan bi."

A Azare aka yanke mini cibiya, Falmata. Mai unguwarmu shi ya raba goron sunana. Da na taka zuwa ƙofarsa na tambaya, da ya sa mini hannu a ranar. Ban tambaya ba. Wani ya ce ƙofa a rufe take, na yarda ba tare da na tura ta na gani ba. Wannan shi ne kuskurena na fari. Saboda haka duk wanda ya ce miki abu ba ya yiwuwa sai ta hannunsa, ki je ofishin da ƙafarki, ki tambayi wanda ke zaune a teburin, ki kuma karanta abin da jami'ar ta rubuta da kanta. Sau da yawa wahalar da yake ba ki labari shi ya ƙirƙiro ta don ki buƙace shi.

Na haɗa sakamakon sakandare, da shaidar gama firamare, da takardar shekaru ta kotu, na zuba a ambulan na miƙa wa Isiyaku a ƙofar gida. Ban yi kwafi ba. Ban rubuta lambar jarrabawata a ko'ina ba. Babu mai shaida sai akuyar da ke ɗaure a gindin darbejiya. Har ina jin kunyar in tsaya ƙirga takardun a gabansa, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Bayan wata guda ya dawo ya zauna a gaban kakanki yana sharar hawaye. Ya ce jakarsa ta ɓace a motar da ya hau zuwa Bauchi, kuma yana zargin direban, wani Malam Ɗanladi mutumin Gololo. Kakanki ya ce haka Allah Ya ƙaddara, har shi ne ke lallashin Isiyaku. Ni kuwa na tafi tasha na sami Malam Ɗanladi yana wanke mota, na kira shi ɓarawo a gaban jama'a. Dattijo ne mai furfura. Bai zage ni ba. Ya matse tsumman hannunsa ya ce, "Ɗana, me direba zai yi da takardar boko? Ka je ka sake bincike." Na ɗauka rainin hankali ne.

Ki riƙe wannan da kyau: takardar asali ba ta kwana a hannun kowa. Idan an zo tantancewa, ki miƙa, ki tsaya idonki a kanta, ki karɓi abarki. Idan ma'aikaci ya ce zai shiga da ita ciki, ki ce za ki biyo shi. Idan ya ɗaure fuska, ki bar shi ya ɗaure. Kunyar minti biyar na guje wa, kin ga inda ta kai ni.

Na koma makarantarmu neman madadi, a nan kuma na ci karo da wani ramin da ni na haƙa wa kaina. A firamare sunana Bukar Goni. Da na shiga sakandare yara suka riƙa kwaikwayon Hausar kakanki suna tsokanata, sai na je na gaya wa malamin aji cewa sunana Abubakar. Haka kawai, ba kotu, ba shawarar kowa. A takardar shekaru kuma mai rubutun ya ƙara mini Muhammad a tsakiya, na gani na yi shiru don sunan ya yi mini daɗi. Mutum ɗaya, suna uku. Duk ofishin da na je sai a ce, "Wanne ne kai a ciki? Ina rahoton 'yan sanda na ɓatan takardun?" Ba ni da shi, don Isiyaku ya ce kai magana wurin 'yan sanda tonon asiri ne. Na yi ta yawo har na gaji. Shugaban makarantarmu ya tausaya ya rubuta mini wasiƙa, da ita na shiga kwalejin horar da malamai.

Shi ya sa kika gan ni makon jiya na baza takardunki a kan tabarma, na sa tabarau ina bin su harafi harafi, kina ta duba agogo. A shaidar haihuwarki an rubuta Falmata, a shaidar digirinki ma haka, amma a ta hidimar ƙasa wani ya rubuta Falmatu. Wasali ɗaya ne, na sani. Wasali ɗaya ya ishi mai neman dalilin ajiye fayil ɗinki a gefe. Takardar rantsuwar da na tilasta miki muka je kotu muka yi tana cikin fayil, bayan shaidar ƙaramar hukuma. Kada ki cire ta. Kuma ko a wane fom, a kwamfuta ko a takarda, ki jera sunanki yadda yake a katin ɗan ƙasa. Kada ki bar mai shagon kwamfuta ya cike miki yana hira da wani. Ki karanta kafin ya tura, ki tabbata ya goge hotunan takardunki daga na'urarsa a gabanki, ki fita daga imel ɗinki da hannunki.

Na yi koyarwa a Gololo, na yi a Disina, na auri Ummanki, aka haifi yayyenki. Na ɗauka maganar ta mutu. Bayan shekara goma sha shida aka tura mu taron bita na malamai a Misau. Mai gabatarwa ya ce, "Yanzu sai Malam Abubakar Goni." Na miƙe tsaye. A kan babban tebur ma wani mai babbar riga ya miƙe, jami'in da aka turo ya yi mana lacca. Zauren ya kwashe da dariya, na zauna.

Bayan Azahar na same shi a ƙofar masallaci yana neman takalminsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ashe takwara ne har da uba."

Ya yi murmushi ya ba ni hannu. Na tambaye shi inda ya yi sakandare, ya faɗi makarantarmu. Na tambayi shekara, ya faɗi tamu. Mu a ajinmu kowa ya san kowa, kuma ban taɓa ganin fuskar nan ba.

Na ce, "Wa ya koya muku lissafi?"

Ya ce, "An daɗe, Malam. Na manta."

Malamin lissafinmu mutum ne mai yatsa shida a hannun dama, da shi yake riƙe alli. Ba wanda ya zauna a gabansa zai manta. Ban san daga ina tambayar ta zo mini ba, sai na ji na ce, "Yaya Isiyaku yana lafiya?"

Takalmin da ya ɗauko ya faɗi daga hannunsa.

Muka koma bayan masallaci. Na ce ya gaya mini sunansa na yanka. Ya ce, "Haruna." Ƙanen matar Isiyaku ne. Ya faɗi jarrabawa sau biyu, sai mijin yayarsa ya kawo masa ambulan ya ce daga yau ga sunanka. A zamanin ba a manna hoto a jikin sakamako. Da takarduna ya shiga jami'a, da su ya kama aiki, da su ya yi aure. Ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin ƙasa ya ce, "Malam, 'ya'yana huɗu, duk sunanka suke amsawa. Ka rufa mini asiri don Allah."

Na rufa. Har yau ban san ko tausayi ne ko tsoro ba. Kakanki yana kwance ba lafiya a lokacin, kuma Isiyaku ne ke zuwa kullum yana ɗaga shi yana kwantarwa. Na kasa gaya wa tsoho wane ne yake shafa masa mai a ƙafa. Ya rasu yana sa masa albarka. Isiyaku ya san na sani, don daga ranar bai sake haɗa ido da ni ba, amma bai taɓa cewa in yafe masa ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba.

Abu ɗaya na yi da ba na nadamarsa. Na je Gololo na nemi Malam Ɗanladi. Ya daina tuƙi, idonsa ya tafi. Na zauna a gabansa na faɗi ko ni wane ne. Ya ce, "Na tuna muryar. Ka gano?" Na ce na gano. Ya ce, "Na gida ne ko?" Na ce na gida ne. Ya gyaɗa kai ya ce ya yafe tun a ranar, sai dai mutane sun daɗe suna ƙin ba shi saƙo bayan abin da na yi. Don haka ki yi zargi a zuciyarki yadda kike so, ki tsare kayanki, amma kada bakinki ya kira sunan kowa sai da hujja. Kuma ki lura da wanda ke nuna miki wanda za ki zarga.

Shirun da na yi bai tsaya nan ba. Bayan shekara biyu wani sabon shugaban makarantarmu ya tono tsohuwar rajista, aka sami lambar jarrabawata, aka ba ni shaidar sakamako. Na nemi jami'a da murnata. Ranar tantancewa wani ma'aikaci ya shiga ciki da takardata, ya daɗe, ya fito da wani tsohon fayil. Ya ce, "Malam, mai wannan lambar ya gama digiri a nan tuntuni. Ko dai kai ne na jabu, ko shi. Ina shaidar ka taɓa kai ƙarar ɓatan takardarka?" Mutane na kan layi suna ji. Ni da gumina, ni aka kalla a matsayin ɓarawo. Ina iya kiran sunan Haruna a wurin, ban kira ba. Na tattara takarduna na fita.

Na sake zana jarrabawar sakandare ina da shekara talatin da bakwai. A ɗakin jarrabawar akwai yara uku da na koya wa karatu a Disina. Ɗayarsu ta juyo ta ce, "Malam, kai ne mai sa mana ido?" Na ce a'a, ni ma ɗalibi ne yau. Da wannan sakamakon na yi digirina. To idan wata takardarki ta ɓace, Allah Ya kiyaye, a ranar za ki kai rahoto wurin 'yan sanda, washegari ki je kotu ki yi rantsuwa, ki sanar da inda suka ba ki ita a rubuce. Wanda ya fara kai magana shi ake ɗauka mai gaskiya.

Digiri na biyun da kike nema, ni ma na neme shi, kuma a nan ba wanda ya cuce ni sai sakacina. Jami'a ta nemi takardar makin darussana, wadda makarantar da mutum ya gama ke turawa da kanta, da wasiƙun shaida daga malamai biyu. Na je ofis na nema, aka ce za a tura. Na sami malamaina, kowa ya ce in je, an gama. Na dawo Azare na zauna ina jiran suna. Da sunaye suka fito babu nawa, na je bin ba'asi, sai na tarar takardar makin tana nan a kan tebur ba a ko sa mata hannu ba. Ɗaya malamin ya dube ni ya ce, "Tuna mini sunanka." Daga nan ban sake nema ba, hidimarku ta sha gabana.

Saboda haka kalmar "an tura" ba shaida ba ce. Ki tambayi ranar da aka tura da wanda ya sa hannu, sannan ki je can inda aka tura ki tabbatar ta isa. Malaman da za su rubuta miki shaida ki zaɓi waɗanda za su gane ki ba tare da kin faɗi sunanki ba, kamar malamar da ta duba aikinki na ƙarshe. Ki tuna musu da ladabi, ki sake tunawa, kada ki bari sai ana gobe rufewa. Bayanin binciken da kike son yi kuwa, ke za ki rubuta abinki. Na ji Sanusi yana cewa akwai mai rubuta wa mutane. Wanda ya rubuta miki zai sayar wa wasu irinsa, kuma ranar ganawa ke za a yi wa tambaya, ba shi ba.

A kan Sanusi, gaskiya ba ni da hujja. Na bincika a unguwa, kowa alheri yake faɗa a kansa. Wataƙila da zuciya ɗaya ya zo, kuma idan haka ne zan taka har gidansu in ba shi haƙuri. Amma ban ga abin da mai taimako zai yi da kalmar sirrinki ba. Ya gaya miki ƙofar da za ki bi, ki gode masa, ki bi da ƙafarki. Na san za ki ce yanzu akwai hoto da zanen yatsa, ba mai iya zama wani. Na ji. Masu cuta ma sun yi karatun zamani, kuma ba na son a gwada sabuwar dabara a kanki. Ko Goggonki, da muka fito ciki ɗaya, kada ki ba ta ajiyar fayil ɗin. Ba ita nake tsoro ba, masu shiga ɗakinta ne ban sani ba.

Saura abu ɗaya, wanda muka ɓoye miki ni da Ummanki. Bara, kina wurin hidimar ƙasa, wata safiya ina zaune a zaure sai ga mota cike da mutanen Disina, tsofaffin ɗalibaina da iyayensu. Suka sauko jiki a sanyaye. Na farkonsu ya yi sallama ya ɗaga labule, ya gan ni da kofin koko a hannu, ya ja da baya yana salati. Sun ji sanarwa a rediyo cewa Malam Abubakar Goni, tsohon ma'aikacin ilimi, ya rasu. Ta'aziyyata suka zo yi. Haruna ne ya rasu.

Na je jana'izarsa. Na tsaya a sahu na ji ana cewa a yi wa Abubakar addu'a, Allah Ya jiƙan Abubakar. Ni kaɗai a sahun na kira sunansa na gaskiya a zuciyata, don kada mutum ya tafi ba wanda ya roƙa masa gafara da sunan da uwarsa ta sani. Na yafe masa a wurin. Babban ɗansa ya riƙe hannuna ya tambaye ni yadda muke da mahaifinsa. Na ce takwara ne.

'Ya'yansa ba su san komai ba, kuma ba daga bakinmu za su ji ba. An ce mini ƙaramarsu tana karatu a Kano. Idan wata rana kika ga wata Abubakar Goni a jerin sunaye kusa da naki, ki gaishe ta da mutunci, ba ta ɗauki abin kowa ba. Idan ta nemi taimakon karatu ki taimake ta. Amma ki rubuta lambarki a saman kowace takarda da za ki miƙa, don kada wani ma'aikaci ya haɗa fayil ɗinku wuri ɗaya.

Allah Ya ba ki abin da kika je nema, Ya sa ya zama alheri gare ki duniya da lahira. Allah Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya ba ki idon gane su. Ki kula da sallarki, ki girmama Goggonki, ki kira Ummanki idan kin gama karanta wannan, don ta san kin daina fushi. Na bar ki a hannun Allah, Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Bukar Goni
Azare